Tantin Da Aka Kafa A Ƙofar Gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu karatu, tsofaffin zuwa da waɗanda yau ne suka faɗo mana. Wata baiwar Allah ta rubuto mini wai labarina ya cika kuka, in ɗan riƙa sa dariya. 'Yar uwa, ki yi haƙuri da ni. Yau akwai dariyar, amma ni kaina da na yi ta sai da na yi da-na-sani.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Balkisu, shekarata ashirin da bakwai, ina zaune a Jega gidan mahaifina Malam Audu. Mijina Sirajo direban motar albasa ne. Shekara uku ke nan da ya fita da lodi zuwa kudu, aka dawo mana da gawarsa. Ya bar mini biyu, Ihsan mai shekara bakwai da Safwan mai biyar, kuma in kun cire su daga rayuwata, wallahi ban san abin da ya rage ba.

Ranar da na fita takaba, yayan mijina, Yaya Isiyaku, ya taso daga Sarandosa can ƙasar Maiyama ya zauna a zauren Baba. Ina bayan ƙofa na ji abin da ya ce da kunnena.

"Ɗiyan ƙanena su zamna wurin uwassu, ban hana ba. Amma randa tay yi aure, ran nan za ni zo in ɗauki abina. Jinin gidanmu ba shi zama agola."

Baba ya ce, "Na jiya, na yarda." Suka yi musabaha.

Na san akwai masu cewa in tafi kotu, littafi yana gefena. Ba ku san Baba ba ne. Mutumin da in ya ce wa mai goro zai dawo da la'asar, ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya koma, shi zai tsaya gaban alƙali da surukansa? Maganar da ta fita bakinsa ta fita ke nan.

A ɗaya gefen kuma ga Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta raine ni tun rasuwar innata. Ita kullum karatunta ɗaya ne: "Macce ba ta tsuhwa gidan ubanta, Balki. Zawarcin ga ya isa hakanan." Baba shi ba ya magana. In aka kawo masa katin ɗaurin auren wata, sai in wayi gari in tarar da shi a kan keken ɗinkina, an ɗora almakashi a kai don kada iska ta ɗauke. Gaba kura baya siyaki. In yi aure in rasa 'ya'yana, in ƙi yi in zama ƙaya a idon gidanmu.

Ana cikin haka Allah ya jefo Munir. Malamin gona ne a Aliero, dogo, baƙi, mai yawan dariya kamar wanda bai taɓa binne kowa ba. Shekara ɗaya da wata biyu yana zuwa zaurenmu duk Lahadi, ni kuma shekara ɗaya da wata biyu ina ce masa "bari dai tukuna." Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk sanda ya ce a sa rana, fuskar Yaya Isiyaku nake gani.

Maganar tantin Ihsan ce ta jawo ta. Wata Lahadi ta karɓi wayarsa tana latse-latse, ta ci karo da bidiyon wasu Turawa sun kafa tanti a bakin rafi, uba yana hura wuta, yara suna gasa wani abu a tsinke.

"Kawu Munir, gidansu ya rushe ne?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "A'a, gidansu lafiya lau. Shan iska suka je."

"Da gangan suka kwana a waje?"

"Da gangan. Kina so ki gwada?"

Safwan, wanda sai a yini bai ce uffan ba in akwai baƙo, ya ɗago kai ya ce, "Ni ma."

Munir ya dube ni. Ya ce yana da tanti, babba, ya saye shi a gwanjo saboda taron manoma da yake yi a ƙauyuka. Ga gonarsa a Danwarai an gama cire albasa, fili ya yi fes, tana bayan gari kaɗan, har kiran sallah ana ji. Kwana ɗaya tak. Mu mata da yara a tanti, shi da masu gadin albasarsa a bukkarsu can ƙarshen gona. Ga hutun makaranta ya zo.

Na buɗe baki zan ce a'a, sai wata dabara ta faɗo mini. Ku ji irin wayon da na ga na yi. Na ce a raina, Yaya Isiyaku abin da yake tsoro shi ne a wulaƙanta marayun ƙaninsa a gidan wani. To in muka je muka dawo, na ɗauko hotuna, ga Safwan a wuyan Munir, ga Ihsan tana dariya har kunne, sai in sa Goggo ta raka ni Sarandosa in durƙusa in nuna masa. Wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi ya bar mini su ko na yi auren. Amma ba zan gaya masa kafin mu tafi ba, don na san amsar da zai ba ni. A lokacin gani nake duk Jega babu mai hankalina.

Na ce, "Sai in Goggo za ta."

Da na kai wa Goggo maganar tana tsinke zogale, sai ta ajiye tiren ta kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Mi kic ce? Mu kwan daji?"

"Gona ce Goggo, ba daji ba."

"Gobara anka yi gidan ga ban sani ba? Ko ruwa ya ci mu?"

"Shan iska ne kawai, saboda yara."

"Iskan Jega ya ƙare?" Ta tafa hannu. "Ke Balki, mutane na gudowa daga ƙauye su samu bango su jingina, ke kina da ɗaki da ƙyaure za ki kwashi ɗiya ki kai su hili. Shekarar ambaliya wata guda niy yi cikin tantin ga da kike marmari, hilin makaranta, mu tara cikin guda. Wanda yak kwan cikinai don dole ba shi shiga don daɗi."

Ihsan ce ta ceto ni. Ta zo ta kwanta a cinyarta tana "Goggo don Allah, Goggo don Annabi," Safwan ya riƙe mata gefen zane ya zuba mata ido. Goggo tana da baki amma ba ta da ƙashin ƙin marayu. Ta ja tsaki ta ce, "Sai ku ɗauko mani kujerata, ni ba ni zama ƙasa awa mai bara." Baba kuwa da ya ji da Goggo za a je, kuma Munir ne, bai ce komai ba sai "Allah shi tsare." Na san lissafinsa. Gani yake duk abin da zai matso da ni kusa da aure alheri ne.

Daga ranar wayata ba ta huta ba.

"Gidan sauro biyu. Ki duba kada a samu mai huda."

"Takalmi sawu-ciki wa yara, ba silifa ba. Akwai ƙaya, akwai kunama."

"Ruwan leda ni zan kawo. Ke ki zo da buta biyu da sallaya."

"Na sa an haƙa rami an kewaye da zana saboda ban-ɗaki. Ki gaya wa Goggo, na san shi za ta fara tambaya."

Shi kuwa ta fara tambaya. Ta kuma ƙara nata: a tafi da toka a zagaye tantin saboda ƙwari, a tafi da man zafi, a tafi da garin kunu don ita ba ta karya kumallo da indomi kamar marar gata. Na ɗauko takarda na manna a bangon ɗaki, duk abin da aka samu Ihsan ta soke shi da jan biro. Tocila, fitila mai caji, murhun gawayi, ƙaramar tukunya, maganin zazzaɓi, sabulu, bargo ko da sanyin asuba. Na zauna na ɗinka musu jakar goyo kowa da tasa daga ragowar yadin makaranta, ta Ihsan na sa mata fure, ta Safwan na yi masa mota da baƙin zare. Kwana uku yana yawo da ita a baya babu komai ciki, har masallaci.

Rabon da in ga yaran nan haka tun ubansu yana da rai. Shi ya sa ko da gabana ya faɗi, sai in danne.

Aka sa tafiya ranar Asabar da safe. Ranar Alhamis Munir ya turo saƙo:

"Gobe bayan Juma'a zan kawo tantin mu gwada kafawa a gidanku. Kada mu je gona mu tarar turke ya ɓata, yara su yi mini dariya. Zan zo da Yaya Hashim ya kama mini."

Na rubuta, "Allah ya kawo ku lafiya." Da na san abin da ke cikin wannan saƙon, da na jefa wayar a rijiya.

Suka iso daga masallaci kai tsaye. Munir cikin farar shadda sabuwa fil, hula zanna ta zauna daram, turare yana tashi. Yayansa Hashim da babbar riga ruwan toka. Suka sauke wani ƙaton buhu daga bayan mota suka shigo da shi tsakar gida, sai a nan aka ga matsala. Tsakar gidanmu siminti ne, turke ba zai shiga ba, ga rijiya a tsakiya, ga darbejiya ta tokare sama. Hashim ya ce, "A fitar da shi ƙofar gida mana, ai akwai fili."

Ni ina leƙe ta tagar zaure. Suka baje shi, suka harhaɗa ƙarafa, suka ja igiyoyi, Safwan yana miƙa turaku ɗaya-ɗaya kamar wanda aka ba babban muƙami. Da tantin ya miƙe sai na ga ashe ba irin na bidiyon ba ne. Fari ne ƙal, ƙato, zai ci mutum goma sha. Zafi ya sa Munir ya nannaɗe gefunansa huɗu ya ɗaure a sama don iska ta ratsa.

Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallo. Ya ce a shimfiɗa tabarma ya ji inuwar. Aka shimfiɗa biyu. Ya zauna, Hashim ya zauna yana fuskantarsa suna gaisawa, Munir ya koma gefe ya sunkuyar da kai saboda kunyar suruki. Maƙwabta masu dawowa daga Juma'a, kowa da kayansa na ado, suka riƙa tsayawa. Wanda ya tsaya sai a ce ya shigo inuwa. Kafin ka ce kwabo an yi mutum ashirin. Goggo, da ba ta iya ganin baƙo a ƙofa baki bushe, ta kwance ɗaurin goronta ta zuba a faranti ta aika. Ihsan kuma, 'yar albarka, na koya mata in tana da abu ta raba. Ta ɗauko ledar alawar da aka saya don tafiya ta juye a tire, ta bi dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga limamin unguwarmu zai wuce. Baba ya ɗaga murya, "Malam, zo ka yi muna addu'a, yara za su tahiya gobe." Liman ya shigo ya zauna a tsakiya ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Aka shafa.

Ni fa daɗi nake ji a bayan taga. Har ƙwalla na yi, na ce yau ga 'ya'yana ana yi musu addu'a kamar masu uba.

Bayan la'asar suka kwance tantin suka mayar mota. Ban fi minti goma da komawa kan keke ba sai ga maƙwabciyarmu ta faɗo gidan babu ko sallama, mayafi a hannu, ta rangaɗa guɗa.

"Amarya ba kya laihi! Amma Goggo kun ci amanar maƙwabtaka. A ɗaura aure ƙofar gida, sai dai mu ji ga maza?"

Na ce, "Auren wa?"

"Ji ta! Naki mana. Maigidana ya gani da idonai, ga rumfa, ga Liman, ga waliyyai, har goro ya kawo mani."

Dariya ta kama ni har na kifa kai a kan keke. Na yi mata bayani tana "kai, kai, kai," ita ma ta dara, ta fita tana cewa za ta gyara zancen a unguwa. Na juyo ina share hawayen dariya, sai na ga Goggo ko murmushi ba ta yi ba. Tana tsaye riƙe da ludayi.

"Balki, ɗauko wayag ga ki kira Sarandosa. Yanzu."

"Goggo, a kan wannan shirmen?"

"Yau Juma'a. Mutanen Maiyama nawa sunka yi sallah garin ga? Kira yayan mijinki ki hwaɗa mai da bakinki, tun wani bai hwaɗa mai ba."

Na ɗauki wayar. Na nemo lambarsa, na tsaya ina kallonta. In na kira na ce ba aure ba ne, zai ce to mene ne? In ce tanti ne. Na me? Na kwana a gona. Da wa? Daga nan tafiya ta mutu, dabarata ta mutu, jakunkunan da na ɗinka sun zama na banza. Na ce a raina, kwana ɗaya ne fa. Sarandosa ba nan kusa ba ce. Mu je mu dawo, ranar Litinin in je da kaina da hotuna, in haɗa bayanin gaba ɗaya.

Na ce, "Layin ba ya shiga, Goggo. Anjima zan sake gwadawa."

Ta dube ni, ta san ƙarya nake. Ta ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho," ta koma madafa.

Kafin magariba na haɗa kayan yara. Kowa kala uku, da na sanyi, da soso da sabulu, da man shafawa. Na sa wa Ihsan hijabinta da allonta na karatu, na sa wa Safwan maganin zazzaɓi a aljihun gefe. Na wanke musu kai, na yi wa Ihsan kitso shuku sabo, na yanke musu farce. Na jera jakunkunan biyu a zaure tare da bargo da gidan sauro, don kada mu ɓata wa Munir lokaci da safe.

Asabar, ƙarfe bakwai saura, yara sun yi wanka sun sa takalmansu sawu-ciki, suna zaune a zaure kowa da jakarsa a baya. Ina ɗaura ɗankwali na ji tsayuwar mota. Safwan ya yi tsalle, "Ya zo! Ya zo!" Na saka hijabi na fito da murmushina.

Ba motar Munir ba ce. Tsohuwar mota ce ja, ta haya, ƙura ta rufe ta. Yaya Isiyaku yana tsaye a bakin zaure da rawaninsa a kafaɗa, idanunsa jawur kamar wanda bai runtsa ba. Sirajo sak, sai dai furfura. Na durƙusa a inda nake.

"Yaya, ina kwana. An zo lafiya?"

Bai amsa ba. Ya ce wa yara, "Ku gai da Bappanku," suka gaishe shi, ya shafa kansu. Baba ya fito da carbi a hannu, Goggo tana bayansa. Aka gaisa gaisuwar da babu daɗi a cikinta. Yaya Isiyaku ya zaro waya daga aljihu ya miƙa wa Baba.

"Malam Audu, wani ɗan garinmu yaz zo Juma'a nan jiya, shi yat turo mani. Ban yi zaton haka daga gare ka ba."

Baba ya duba ya daɗe, ya miƙo mini. Jama'a, ga farar rumfa. Ga Baba ga Hashim suna fuskantar juna. Ga Liman a tsakiya hannu sama. Ga Munir cikin farar shadda kai a sunkuye. Ga farantin goro, ga 'yata da tiren alawa. Ni da nake cikin gidan, ni da na san komai, da na ga hoton nan sai da zuciyata ta ce an ɗaura.

Na ce, "Wallahi Yaya ba aure ba ne. Wallahi tallahi. A kira Liman a tambaye shi."

Baba ya ce, "Gaskiya ta, Isiyaku. Ba a ɗaura komi ba. Da an ɗaura da ni da kaina za ni aiko maka."

Yaya Isiyaku ya dubi Baba, ya dube ni. Na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka, har na fara jin numfashina yana dawowa.

"To mi anka yi? Rumfar mi ta?"

Ihsan ce ta amsa, da murnarta, tana gyara igiyar jaka.

"Bappa, tanti ne! Yau za mu kwana a gonar Kawu Munir, da Umma da Goggo. Har wuta za mu hura!"

"Wa an Kawu Munir?"

"Mai zuwa wurin Umma."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Balkisu, tambaya guda za ni yi maki. Mutumen ga mijinki na?"

"A'a, Yaya."

"Ba mijinki na ba. Kuma shi za shi kwashi ɗiyan Sirajo, da ke, shi kai ku bayan gari ku kwan, zamanin ga da mai gida bai iya kwana gonatai da ido biyu ruhe. Wa kit tambaya?"

"Da Goggo za mu, Yaya. Shi can nesa zai..."

"Wa kit tambaya?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kin ce mani an ɗaura, da na ɗauki ɗiyana na yi maki addu'a, don alkawali na. Wanga kau ya hi auren muni. In wani abu yas same su cikin daren, mi za ni ce ma Sirajo gobe kiyama?" Muryarsa ta karye a kan sunan, ya juya kai. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, 'yan uwa. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na samu abin zagi.

Goggo ta matso. "Isiyaku, ka dubi Allah. Laihina na, ni ab babba, ni niy yarda."

"Goggo, ina ganin girmanki. Malam Audu, mi kac ce?"

Na rarrafa na kama ƙafar Baba. Ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Na ce, "Baba, an fasa tafiyar. Na fasa auren ma, wallahi na fasa, ba zan ƙara kula kowa ba. Baba ka ce wani abu." Bai dube ni ba, bango ya duba.

"Ba a shawarce shi ba, Balki. Yana da gaskiya. Ba shi ɗiyanai."

Yaya Isiyaku ya sunkuya ya ɗauki bargon da gidan sauron da na jera. Ya dubi jakunkunan da ke bayan yara ya ce, "Kayansu na ciki?" Na gyaɗa kai. Babu abin da zai jira. Ni da hannuna na wanke su, na shirya su, na zaunar da su a bakin ƙofa.

Safwan ya riga kowa shiga mota. Shi a ganinsa tafiyar ce ta tashi, Bappa ne ya zo kai su. Ya haye kujerar baya yana tsalle yana buga gilashi. Ihsan kuwa ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta dubi ta Goggo, murnar ta zube daga fuskarta a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta riƙe bakin hijabina da hannu biyu, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Na bi su har mota, bakina yana ta zuba, ban san ma me nake cewa ba. "Yaya, Safwan yana fitsarin kwance, a tashe shi sau biyu, don Allah kada a doke shi, ba da gangan yake yi ba. Ba ya cin kuka, sai kuɓewa. Ihsan in ta yi shiru ba ƙiwuya ba ce, ciwon kai ne."

"Akwai mata gidan," ya ce. Amma ya tsaya ya saurara har na gama.

Safwan ya leƙo. "Umma, shigo mana. Ga wuri na ajiye miki."

Na yi masa murmushi, Allah ya yafe mini.

"Ku yi gaba, ina biye da ku."

"Da tantin?"

"Da tantin."

Ni na rufe ƙofar motar. Ihsan ba ta ɗaga mini hannu ba, kallona kawai take ta gilashin baya har suka sha kwana. Baba ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Goggo, mai bakin nan da ba ya gajiya, ta zauna a dakalin zaure ta ja mayafi ta rufe fuska, ko "na gaya maki" ba ta ce ba.

Ina tsaye a tsakiyar layi babu takalmi wayata ta yi ƙara a hannuna. Munir ne.

"Na baro Aliero tun ɗazu. Na tsaya na sayo musu kankana mai sanyi. Ki ce wa Safwan yau shi zai zauna a gaba."

Na karanta sau uku. Na sa yatsa zan rubuta, ban san ta inda zan fara ba, sai na ji hon ɗinsa a bakin layinmu.